Motar da Ke Jin Sanyi a Haɗeja

Duk wanda ya san Alhaji Hashimu Mairiɗi a Haɗeja, to ya san direbansa Malam Kallamu. Shekara goma sha tara suna tare, ɗaya a gaba yana riƙe da sitiyari, ɗaya a baya yana koya masa tuƙin da shi kansa bai iya ba. Sa'o'in juna ne, ƙauyensu ɗaya, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Da girma ya zo, Allah ya buɗa wa Hashimu a harkar riɗi, shi kuma Kallamu ya bi tasha ya koyi mota. A gaban mutane ba ka jin komai daga bakin Kallamu sai "ranka ya daɗe", amma in suka kama hanyar Kano su biyu, musu suke yi tun daga Kafin Hausa har su hango Gezawa.

Kallamu ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne, ba a taɓa cewa ya ɗauki ko allurar wani ba. In Alhaji ya manta goro a mota, goron nan zai kwana uku yana jiran mai shi.

Ana nan sai ga sabuwar mota ta iso gidan. 'Yar Alhaji ce, Saudatu, wadda ke aikin likita a ƙasar Norway, ta sauya mota, ta sa aka ɗoro tsohuwar a jirgin ruwa aka kawo wa mahaifinta. Sunanta dai tsohuwa, amma a Haɗeja amarya ce. Baƙa wuluk, doguwa, mai shan man gas, kujerunta na fata. A gabanta akwai wani ɗan allo mai haske da ke ta rubuce-rubuce cikin harshen da ko malamin Turancin unguwar ya duba ya ce wannan ba nasu ba ne. Agogonta ma ba daidai yake ba, amma da aka rasa wanda ya san inda ake gyara shi, sai aka ƙyale.

Alhaji ya sa aka yi mata rumfar kwano a bayan gida, can jikin katangar da ta raba su da mai injin niƙa. Ya kafa doka: ba a fita da ita sai Juma'a, ko ɗaurin aure, ko in za a tarbi babban baƙo. Zirga-zirgar yau da kullum kuwa sai a tsohuwar akwalarsu. Aikin Kallamu a kanta shi ne ya goge ta da sassafe, ya tayar da injin na ɗan lokaci, ya kashe, ya rufe.

Shi kuwa Alhaji sai ya samu sabuwar al'ada. In ya tashi daga barcin rana, kafin a kira la'asar, sai ya zaga baya ya tsaya yana kallon motar nan, yana shafa ta kamar mai lallashin doki.

Ran wata Talata, tsakiyar bazara, irin zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa, Alhaji ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya ji ɗumi. Ba ɗumin rana ba, don motar a inuwa take. Ya buɗe ƙofa, wani hucin zafi ya daki fuskarsa kamar an buɗe tanderun burodi. Ya murɗa makulli rabi, sai ga allurar da ke nuna zafin inji ta miƙe ta tsaya a tsakiya, irin tsayuwar da take yi in an sha tafiya.

Kallamu na dawowa daga gida, inda yakan je ya ci abinci bayan azahar, ya tarar da Alhaji a tsaye, hannu a baya.

"Kallamu, ina ka je da motar nan?"

"Wace mota, ranka ya daɗe?"

"Mota nawa Saudatu ta aiko?"

"Ai tun da na kashe ta da safe ban ko kalli inda take ba."

"Taɓa nan."

Kallamu ya taɓa. Ya janye hannu, ya sake taɓawa. Ya leƙa ciki, ya ji hucin. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Lallai da zafi," in ji shi.

"Na gode da ka faɗa mini. Da ni ban ji ba."

"Wallahi, Alhaji, ban fita da ita ba. Duba lambar tafiya, yadda na bar ta haka take."

Alhaji ya duba, ya ga lambar ba ta motsa ba. Amma daga fuskarsa Kallamu ya gane bai yarda ba.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Ran Juma'a da za su masallaci, batir ya yi ta nishi kafin injin ya tashi, kuma allurar mai ta ɗan sauka daga inda Alhaji ya san ya bar ta. Alhaji kuwa mutum ne da in ya kalli buhun riɗi daga nesa zai gaya maka an ɗebi kwano ɗaya. Sai a hanyar dawowa daga masallaci ya buɗe baki.

"An ce direbobin yanzu sun iya cire wayar lambar tafiya."

"Haka nake ji," in ji Kallamu, idonsa a kan titi.

"An ce har hayar ɗaukar amarya suke yi da motocin iyayen gidansu."

"Da ƙarfe biyun rana, Alhaji? Wace amarya ce za a kai ɗaki a wannan zafin?"

"Ka san lokacin ke nan."

Da suka isa gida Kallamu ya fito, ya buɗe wa Alhaji ƙofa kamar kullum, sannan ya miƙa masa makullin motar da hannu biyu, ya haɗa da na ƙyauren baya.

"Ka riƙe su a wurinka, ranka ya daɗe. In ta sake yin zafi, sai a nemi wani."

Alhaji ya karɓa, ya zura a aljihun 'yar ciki. Washegari ya kwanta barcin rana a kansu. Da ya tashi ya zaga baya, ya taɓa bonet. Zafi.

Mai hankali zai ce magana ta ƙare, an wanke Kallamu. Amma Alhaji sai ya ce ai wannan ne ma ya tabbatar masa. Wanda bai yanka wani makulli ya ɓoye ba, yaya za a yi ya miƙa nasa cikin sauƙi haka? Matarsa Hajiya Yalwa ta ce ya ji tsoron Allah, ya kira Saudatu ya tambaye ta, mota dai tata ce. Alhaji ya ce ba zai yi ba. Yarinya ta yi abin kirki ta aiko da kyauta daga uwa duniya, sai ya buga mata waya da ƙorafi? Duk ranar da ta kira ta ce, "Baba, ya mota?" amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Allah ya yi miki albarka."

Da yammacin Asabar ɗin nan ya kira Kallamu zaure, ya ce masa ya ɗan huta a gida tukuna, har a ga abin da hali ya yi.

Kallamu bai yi gardama ba. Ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya sa takalmansa ya fita. Bai san ƙafarsa ta kai shi gida ba sai da ya ji matarsa na tambayarsa ko lafiya.

Haɗeja kuwa ba a ɓoye magana. Kafin kwana biyu labari ya zaga. A wurin mai shayi wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam Kallamu, nawa ne shata zuwa Malam Madori? Amma a baƙar nake so." Aka fashe da dariya. Kallamu ma ya yi yaƙe, amma shayin nan bai iya shanye shi ba. Shekara goma sha tara yana tattalin suna, ga shi wani baƙin ƙarfe da ko Hausa ba ya ji ya zo ya watsar masa a mako guda.

Ran Talata da safe ya yanke shawara. Ya ɗauki tabarmarsa da buta da carbi, ya tafi gidan Alhaji ya yi sallama. Hajiya Yalwa ce ta amsa daga ciki.

"Hajiya, alfarma nake nema. A bar ni in zauna gindin motar nan yau, daga yanzu har la'asar. Ba zan taɓa ta ba. In mutum ne ke zuwa, in gan shi. In ba mutum ba ne, shi ma in gan shi."

"Shiga, Malam Kallamu," in ji ta. "Ni dai na san ba kai ba ne. Allah ya tona asirin ko mene ne."

Ya shimfiɗa tabarma a rumfar, ya zauna ya sa motar a gaba. Hantsi ya wuce, rana ta take. Kwanon rumfa ya fara ƙara don zafi. Aka kira azahar, ya yi alwala ya yi sallarsa a nan, bai je masallaci ba. Hajiya ta aiko masa da shinkafa da wake, ya ci yana kallon motar, ita ma kamar tana kallonsa. Gidan ya yi tsit, kowa ya shige ɗaka. A bayan katanga injin niƙa na ta ruri, don lokacin ne mata ke kai niƙan tuwon dare.

Ƙarfe biyu da minti goma, sai ya ji wani abu a ƙarƙashin ƙarar injin niƙan.

Tik. Tik. Tik.

Ya ajiye carbi. Ya karkata kunne. Daga ƙarƙashin motar ne, wajen tankin mai. Tik, tik, tik, kamar ana ƙwanƙwasa kwano da farce. Ya rarrafa ya leƙa, bai ga kowa ba. Yana nan durƙushe sai wani sauti ya taso daga gaba, siriri da farko, fuuuu, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har ya zama kamar ƙaramin jirgin sama na shirin tashi. Sai ga farin hayaƙi ya bulbulo daga bayan tayar gaba, inda babu salansa, ya shige masa hanci.

Ba makulli a jiki. Ba kowa a ciki. Injin bai tashi ba. Amma mota na numfashi.

Kallamu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya yi fatali da buta, ya bar takalmi ɗaya a rumfa, ya faɗa tsakar gida ba sallama, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha tara.

"Alhaji! Alhaji, fito! Ga ta nan tana yi!"

Alhaji ya fito daga shi sai 'yar shara, ido jajur da barci, yana faɗa. Kallamu ya kama hannunsa ya ja shi har rumfa. Alhaji ya ji ƙarar, ya ga hayaƙin, ya laluba aljihunsa ya ji makullai na nan. Ya ja da baya taku uku, ya koma bayan Kallamu, ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa.

"Kallamu," ya ce da raɗa, "je ka kashe ta."

"Da me, ranka ya daɗe? Ai a kashe take."

Suka tsaya daga nesa suna kallo. Can ciki fanka ta kama da kanta, suna jin ta tana hura iska a gilashin gaba. Aka yi kusan minti arba'in ana haka. Sannan tik-tik ɗin ya tsaya, ƙarar ta yi ƙasa a hankali, ta ɗauke. Motar ta koma shiru kamar ba ita ba.

Alhaji ya share gumi. Ya ce wannan ba aikin kowa ba ne sai mutanen ɓoye, a cikin teku suka shige ta, a nemo mai ruƙiyya yau ɗin nan.

Kallamu kuwa, da tsoron ya ɗan sake shi, sai direban da ke cikinsa ya farka. Ya ce, "Alhaji, hayaƙin nan na shaƙe shi. Warin man gas ne. Ban taɓa jin aljanin da ke shan gas ba. A bari in kira Ilu."

Ilu Maitirela tsohon bakanike ne a garejin manyan motoci da ke hanyar Nguru. Gajere ne, mai furfura, rabin rayuwarsa a ƙarƙashin tirela ya yi ta. Da Kallamu ya je ya kwashe labari ya gaya masa, bai ko ɗago daga abin da yake kwancewa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Daga wace ƙasa aka kawo ta?" Da ya ji amsa sai ya yi murmushi ya ce gobe zai zo kafin ƙarfe biyu.

Washegari kafin Ilu ya iso, rumfa ta cika. Maƙwabta sun ji labari, har mai injin niƙa ya kashe injinsa ya leƙo ta kan katanga. Alhaji ya sa babbar riga, ya sa an ajiye masa kujera nesa kaɗan. Ilu ya zo da 'yar jakar sifanoninsa, ya gaida Alhaji, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Ƙarfe biyu da minti goma: tik, tik, tik.

Jama'a suka watse baya. Daga ƙarƙashi sai aka ji Ilu na dariya, dariya har da tari.

"Alhaji, matso ka ga aljaninka," in ji shi. "Ga shi nan, bai fi tulun shayi girma ba."

Alhaji bai matso ba, sai da Kallamu ya durƙusa ya leƙa tukuna. A bayan tayar gaba, a maƙale, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, tiyo biyu na shiga jikinsa, ga wata 'yar salansa kamar yatsa uku a haɗe tana fitar da hayaƙi.

"Mene ne wannan, Malam Ilu?" in ji Alhaji daga inda yake.

Ilu ya fito ya zauna a kan kwalinsa yana goge hannu.

"Risho ne, Alhaji."

"Risho? A cikin mota?"

"Risho sak, sai dai na Turawa. Hita ce. Kawunan tirelar da ake kawo mana daga can da yawa suna zuwa da ita, mu ne muke cire su. Ka ji tik-tik ɗin nan? Wani ɗan famfo ne yake tsotso gas daga tankinka, ɗigo-ɗigo, yana turo shi cikin akwatin nan. A ciki akwai wani fulogi da batir ke sa shi ya yi ja zur. Sai fanka ta huro iska, wuta ta kama. Ƙarar jirgin saman da kuka ji ke nan."

"Wuta?" Alhaji ya miƙe tsaye. "Wuta ake hurawa a ƙarƙashin motata, kusa da mai?"

"A rufe take ruf, ba inda za ta je. Hayaƙinta ne kawai ke fita ta nan. To wutar nan ba abinci take dafawa ba, ruwan lagireto take dafawa. Ka ga tiyo biyun nan? Ta ɗaya ruwa ke shiga da sanyi, ya zagaye tukunyar wutar, ya fita ta ɗayan da zafi. Akwai wani famfon kuma mai tura shi, ya bi cikin inji ya ɗumama shi, ya bi ta cikin mota, fanka ta hura ɗumin a gilashi da kujeru. In ruwan ya kai zafin da ake so, sai ta rage wuta da kanta. In lokacinta ya cika, ta kashe kanta. Injin motar kuwa yana barcinsa, ba ruwansa. Shi ya sa lambar tafiya ba ta motsi, amma mai na raguwa, batir na gajiya."

Wani daga cikin maƙwabta ya ce, "To don Allah me ya yi zafi? Wa zai ɗumama mota da gangan?"

"Wanda ke zaune inda tofin yawu ke daskarewa kafin ya kai ƙasa," in ji Ilu. "Direbobin da suka je sun ba mu labari. Can in sanyi ya sauko, ka fito da safe ka tarar da ƙanƙara ta rufe gilashi, man inji ya yi kauri kamar kakide, ka murɗa makulli mota ta ƙi tashi. To sai ka saita wa wannan lokaci tun jiya. Kana cikin bargonka ita tana aikinta. Kafin ka gama karyawa, inji ya yi ɗumi, ƙanƙara ta narke, sai ka shiga ka tafi."

"Amma me ya sa sai ƙarfe biyun rana?" in ji Kallamu. Wannan ce tambayar da ta fi damunsa.

Ilu ya ce a ba shi makulli. Alhaji ya miƙa. Ilu ya murɗa rabi, ya nuna ɗan allon nan mai haske.

"Karanta mini agogon nan."

Kallamu ya leƙa. "Shida da kwata."

"To ka gani. A jirgin ruwa an cire kan batir, agogo ya rikice, ba wanda ya gyara. Mai motar ta saita ta shida da minti goma na safe, lokacin da take shirin fita aiki. Ita motar har yanzu a wurinta asuba ce, kuma tana Norway. Ba wanda ya gaya mata ta iso Haɗeja."

Rumfa ta kaure da dariya. Mai injin niƙa har ya kusa faɗowa daga kan katanga. Hajiya Yalwa, da ke tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfin da ta tabbatar mijinta ya ji.

Kallamu bai yi dariya ba. Ya nemi gefen tabarma ya zauna. Ya kalli ɗan akwatin nan da ya kusa raba shi da mutuncinsa, ya girgiza kai.

"Yanzu yaya za a yi da ita?" in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa.

"Abu mai sauƙi. Rubutun allon nan ni ma ban iya shi ba, balle in sauya mata lokaci. Amma kowace hita da fis ɗinta."

Ilu ya jira ta gama ta yi shiru, don ya ce ba a katse ta tana tsakar ci. Sannan ya ɗaga bonet, ya buɗe wani baƙin akwati, ya bi da yatsa, ya sa filaya ya zaro wani ɗan abu shuɗi da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ya ɗora wa Alhaji a tafin hannu.

"Shi ke nan. Daga yau ba za ta ƙara ɗaukar zafi da kanta ba."

Alhaji ya yi ta juya ɗan fis ɗin nan a hannu. Kowa ya san saura abu ɗaya. Alhaji Hashimu kuwa, tun da aka san shi, ba a taɓa jin ya ce wa wani "yi haƙuri" ba. Ya yi gyaran murya. Ya gyara hula. Ya kalli kwanon rumfa kamar yau ya fara ganinsa.

"Kallamu."

"Ranka ya daɗe."

"Ai ni dama ban ce ka yi sata ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Hutu ka ba ni."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya toshe baki. Alhaji ya harare shi, sannan ya tako har gaban tabarma, ya miƙa wa Kallamu makullan duka biyu.

"Karɓi kayanka. Jama'a, ku shaida, mutumin nan amintacce ne. Tun muna kiwon awaki na san shi. Wanda duk na ƙara jin ya yi masa maganar shata, ni da shi ne."

Kallamu ya miƙe ya karɓa da hannu biyu. Idonsa ya ɗan kawo ruwa, ya yi kamar hayaƙin ɗazu ne.

Alhaji ya ga abin ya wuce lafiya, sai ya saki jiki, ya dafa kafaɗarsa.

"Ka yi mini uzuri, Kallamu. Ka dai san halina. Ni haka Allah ya yi ni, ina zaune lafiya lau, ba wanda ya taɓa ni, sai kawai in ɗau zafi da kaina."

Kallamu ya juya wajen Ilu, wanda ke tattara kayan aikinsa.

"Malam Ilu, kafin ka mayar da filayar nan jaka, don Allah duba mana, shi Alhaji a ina nasa fis ɗin yake?"